Babi na Shida: Harsuna Biyu, Digiri Ɗaya

Wani kaso na ruwan da mutanen Abuja ke sha daga kudancin Kaduna yake tasowa. An tare kogin Gurara da madatsa a wannan yanki namu, aka shimfiɗa bututu mai tsawon kilomita 75 zuwa madatsar Usuma, a can ake tacewa a raba wa birnin. Kamfanin da ya gina madatsar, Salini, na Italiya ne, kuma ba a kansa aka fara ba. Haɗakar kamfanonin Italiya da ake kira Impregilo ita ta gina madatsar Kainji tsakanin 1964 da 1968, Impresit kuma ya gina ta Bakolori a kan kogin Sakkwato, aka kammala a 1978. Dattawa ba su manta da gidajen man Agip ba, da tambarinsu na kare mai ƙafa shida.

Ka leƙa kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, za ka ji mai shago yana koɗa tayil ɗinsa da cewa ɗan Sifaniya ne ko ɗan Italiya. Fatun da ake jima a masana'antun Kano, Italiya da Sifaniya na cikin manyan masu sayensu. Da dare kuma, a gidajen kallon ƙwallo daga Jere zuwa Kagarko, matasa kan raba gari a kan Real Madrid da Barcelona. Ɗan ƙwallo Umar Sadiq, wanda aka haifa a Kaduna a 1997, a Italiya ya fara, daga Spezia zuwa Roma, kafin ya koma Sifaniya ya buga wa Almería a 2020, sannan Real Sociedad a 2022.

Ke nan mun daɗe muna hulɗa da ƙasashen nan biyu, amma ta bakin wasu. Ingilishi ne dillalinmu, shi ke kai maganarmu, shi ke kawo mana tasu. Wannan babi yana magana ne a kan ɗalibin da zai ce shi zai je da kansa, ya ɗauki Sifaniyanci da Italiyanci tare a matakin digiri: me zai tarar, wace wahala ke jiransa, kuma me ya sa nake ganin ɗan Kagarko ya fi da yawa daga cikin ɗaliban duniya shirin wannan karatu.

Tsatso ɗaya

Harsunan biyu 'ya'yan Latin ne, ba Latin na littafi ba, sai dai wanda sojoji da 'yan kasuwa da manoman daular Rum ke yi a bakinsu. Da daular ta wargaje, kowane yanki ya ci gaba da lanƙwasa harshen yadda ya ga dama. A tsakiyar Sifaniya karin yankin Kastiya ya rinjayi sauran, har Antonio de Nebrija ya rubuta masa littafin nahawu a 1492. A Italiya kuwa karin birnin Florence ne ya zama na rubutu, saboda darajar marubuta irin su Dante, wanda ya rasu a 1321. Ƙasar ba ta haɗu a ƙarƙashin tuta ɗaya ba sai 1861, shi ya sa har gobe mutumin Napoli ko Sisili yana da harshen gida dabam da na makaranta.

Jiragen ruwa ne suka bambanta rabonsu. Sifaniyanci ya tsallaka teku, ya zama harshen hukuma a ƙasashe 20, kusan mutum miliyan 500 ke tashi da shi tun daga nono, kuma Meziko ta fi Sifaniya kanta yawan masu magana da shi. Yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya, yana kuma cikin harsunan Tarayyar Afirka. Maƙwabciyarmu Ikwatoriyal Gini, wadda babban tsibirinta Bioko ke kallon gaɓar Kalaba, da shi take aiki. Italiyanci bai yi wannan yaɗuwa ba. Masu shi sun ɗan haura miliyan 60, a Italiya da wani ɓangare na Suwizalan da San Marino da Vatican. Ƙarfinsa yana wurin sana'a: injuna, gini, fata, tufafi, zane, kiɗa, da harkokin Cocin Katolika.

Masu ƙididdigar harsuna na Ethnologue sun ƙiyasta cewa kalmomin harsunan biyu sun yi tarayya da kashi 82 cikin 100. Wannan kusanci shi ne dalilin da ya sa jami'o'i ke haɗa su a digiri ɗaya, shi ne kuma tushen wahalar karatun, kamar yadda za mu gani.

Guzurin da ɗan Kagarko ya riga ya ƙulla

Yaron da ya tashi a Kagarko ba baƙon harsuna ba ne. A gida yana iya jin Gbagyi ko Koro ko Fulatanci, a kasuwa Hausa, a aji Ingilishi, a makarantar allo Larabci, a tasha kuma Burokan. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce yau ga darasin sauya harshe, amma ya san da wane zai gaida kakarsa, da wane zai taya albasa. Ɗalibin Landan da ya girma da harshe ɗaya sai ya shekara yana koyon abin da wannan yaro ke yi ba tare da tunani ba.

Ban da wannan, Hausa kanta tana ba shi wasu makullai. Wasulan Sifaniyanci biyar ne, su ne a, e, i, o, u da ya sani, kuma harsunan biyu kusan yadda aka rubuta su haka ake karanta su. Italiyanci yana nanata baƙi, ma'ana ta sauya: sete ƙishirwa ce, sette kuwa bakwai. Baturen Ingila yakan sha wuya kafin kunnensa ya kama wannan, amma wanda ya san bambancin baba da babba ya riga ya wuce wurin. Sifaniyanci yana da ra iri biyu, mai sauƙi da mai kaɗawa, Hausa ma haka. Sannan ga jinsi. A Ingilishi tebur da kujera ba namiji ba mace, amma Bahaushe ya saba da cewa riga ce, wando ne, don haka ba zai yi mamaki ba idan aka ce masa kowane suna yana da jinsinsa. Abin da zai kiyaye kawai shi ne rabon ba ɗaya ba ne: a wurinsu rana namiji ce, wata kuma mace.

Akwai inda guzurin ya gaza. Hausa ba ta raba p da f, ba ta da v, alhali harsunan biyu suna raba p da f, Italiyanci kuma yana raba b da v. A nan 'ya'yan Gbagyi da Ham da Bajju da Atyap sun fi samun sauƙi, domin harsunansu suna da waɗannan sautuka. Babban dutsen da kowa zai hau shi ne aikatau. Mu a Hausa lokaci yana jikin wakilin suna: na tafi, zan tafi, nakan tafi. Su kuwa wutsiyar aikatau suke sauyawa bisa ga mai aiki da lokaci da yanayi, har kalma guda ta fito da siffofi fiye da 40. Wannan sai hadda da yawan karatu.

Ko taura biyu na taunuwa?

Iyaye da yawa za su ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma maganarsu tana da tushe. Harsunan da suka yi nisa da juna, kamar Larabci da Faransanci, ba sa shiga gonar juna a ƙwaƙwalwa. Waɗannan kuwa kamanninsu ke ruɗar mai koyo. Ya buɗe baki zai yi Italiyanci, sai jam'in Sifaniyanci ya faɗo masa: littattafai a Sifaniya libros ne, a Italiya libri. Wani lokaci kalma ɗaya ce a harsunan biyu amma ma'ana ta raba hanya, kamar burro, wadda take jaki a Madrid, man shanu a Roma. Nahawu ma haka: wajen faɗin abin da ya wuce, Sifaniyanci yana amfani da aikatau mataimaki guda ɗaya, Italiyanci biyu, kuma dole ka san wanne ke tafiya da wanne.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne gamsuwa da rabin sani. Da yake ɗalibi yana fahimtar abin da ya karanta da wuri, sai ya ɗauka ya iya. Ya je yana cuɗa su, mutane na gane shi a kasuwa, amma ba zai iya rubuta wasiƙar ciniki ko fassara takardar kotu ba. Wanda ya kai shekara huɗu ya fito da irin wannan gauraye bai ci ribar kuɗin makarantarsa ba.

Maganin yana cikin tsari. A fara kafa ɗaya ya tsaya da ƙafarsa kafin a ɗora na biyu, ko da tazarar shekara ɗaya ce. Kowane harshe ya sami littafin rubutunsa, da ranakunsa, da muryoyin da kunne zai alaƙanta da shi, na rediyo ko na malami. Sannan a riƙa jera su gefe da gefe da gangan, domin bambancin yana bin ƙa'ida. Inda Italiyanci ya riƙe f na Latin a farkon kalma, Sifaniyanci yakan mayar da shi h marar sauti: garin fulawa a Italiyanci farina ne, a Sifaniyanci harina. Inda Italiyanci ya ce porta, wato ƙofa, Sifaniyanci ya ce puerta. Ɗalibin da ya gane irin waɗannan ƙa'idoji, kowace kalma ya koya ta zama biyu. Saboda haka taura biyu na taunuwa, sharaɗin dai a fara da ɗaya.

Yadda digirin yake

A jami'o'in Ingila wannan digiri na shekara huɗu ne. Shekaru biyun farko ana gina harshe, ana kuma karanta adabi da tarihi da fina-finai. Shekara ta uku a waje ake yin ta, galibi a raba ta tsakanin Italiya da wata ƙasa mai Sifaniyanci, ɗalibi ya yi karatu ko koyarwa ko aiki. A ta huɗu ya dawo ya zurfafa a fassara, ya rubuta kundinsa. Jami'o'i da yawa suna yarda a fara ɗaya daga cikin harsunan daga tushe.

A Italiya digirin farko shekara uku ne, bisa tsarin da ƙasashen Turai suka amince da shi a birnin Bologna a 1999, kuma ɗalibin sashen harsuna yakan ɗauki harsunan waje biyu. Akwai reshe na musamman da ke horar da tafintoci da masu shiga tsakanin al'adu. A Sifaniya shekara huɗu ce, inda ake ɗaukar harshe ɗaya babba, ɗaya ƙarami. Gidajen ilimin tsofaffi ne: ana lissafa kafuwar jami'ar Bologna daga 1088, ta Salamanca daga 1218.

Duk inda aka yi karatun, ma'aunin ɗaya ne, matakai shida daga A1 zuwa C2. Wanda ya kai B2 zai iya zama a aji ya bi lacca, wanda ya kai C1 zai iya aiki da harshen a ofis. Takardar shaidar Sifaniyanci da duniya ta sani ita ce DELE, wadda cibiyar Cervantes ke shiryawa. Na Italiyanci sun haɗa da CILS ta Siena da CELI ta Perugia, biranen da ke da jami'o'in da aka keɓe don koyar da baƙi. Mai ɗaukar aiki ya fi duba waɗannan takardu a kan dogon bayani.

Tarihinmu da ke ajiye a can

Ko da babu ciniki ko kaɗan, akwai wani dalilin. Musulmi sun shiga Andalus a 711, mulkinsu na ƙarshe a Garnaɗa ya faɗi a 1492, kuma abin da malaman ƙasar suka rubuta har yau ana karanta shi a zaurukanmu. Alfazazi mai Ishiriniya haifaffen Ƙurɗuba ne. Ibn Malik mai Alfiyya a Jayyan aka haife shi, garin da yau ake kira Jaén. Shaɗibi na masu ƙira'a ɗan wani gari ne kusa da Valencia. Alƙali Iyal mai Ashafa ɗan Sabta ne, wato Ceuta, ya kuma yi alƙalanci a Garnaɗa. Ɗakin karatu na El Escorial kusa da Madrid yana riƙe da tarin rubuce-rubucen Larabci na hannu, kuma bincike mai yawa a kan Andalus da Sifaniyanci aka yi shi. Almajirin da ya haɗa Larabcinsa da wannan harshe zai shiga inda 'yan kaɗan daga cikinmu suka shiga.

Akwai kuma mutumin da rayuwarsa ta haɗa ƙasashen biyu da ƙasar Hausa. Alhasan Alwazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, an haife shi a Garnaɗa, ya girma a Fas. A 1518 'yan fashin teku suka kama shi, aka kai shi Roma wurin Fafaroma Leo na Goma. A can ya rubuta littafinsa na bayanin Afirka da Italiyanci, ya gama a 1526, aka buga a Venice a 1550. A ciki ya yi maganar Kano da Katsina da Gobir da Zamfara da Zazzau, ƙasar da Kagarko da Jere suka kasance a ƙarƙashinta daga baya. Ya ce wani ɓangaren Zazzau fili ne, wani duwatsu masu sanyi, inda mutane ke sa garwashi a ƙarƙashin gado su kwanta. Duk wanda ya san gadon ƙasa zai gane abin da yake nufi.

Masana sun yi saɓani a kan ko ya taka ƙasar Hausa da ƙafarsa ko labari ya ji. Sun kuma yi saɓani a kan maganarsa cewa Askiya na Songhai ya ci waɗannan garuruwa da yaƙi. Yawancinmu fassarar Ingilishi muke dogaro da ita, wadda asalinta na 1600 ne, alhali rubutun hannu da ke ajiye a Roma ya saɓa wa wanda aka buga a wurare da dama, domin mai bugawar ya yi masa gyare-gyare. Muhawara ce a kan tarihinmu, kuma ba a shiga cikinta sosai sai da Italiyanci.

Italiyawa kuwa sun riga mu yunƙurawa. Jami'ar L'Orientale ta Napoli, wadda asalinta ya koma 1732, tana koyar da Hausa, kuma Farfesa Sergio Baldi na can ya wallafa ƙamus na Hausa da Italiyanci. Idan ɗan Napoli zai zauna ya koyi karin sautinmu, babu hujjar da za ta hana ɗan Kagarko koyon nasa.

Ina aikin yake?

Tambayar da uba zai yi ke nan kafin ya sayar da buhunan cittarsa ya biya kuɗin makaranta, kuma ya cancanci amsa ta gaskiya. Harshe shi kaɗai ba ya cika tukunya sai an jingina shi da sana'a. Kagarko na cikin yankin citta tare da Kachia da Jaba. Manomi ya san irin cittarsa, tafin giwa da yatsun biri, ya san ɓarnar da cutar citta ta 2023 ta yi masa, amma farashin da ake sayar da kayansa a Turai da ƙa'idojin ragowar maganin feshi da Tarayyar Turai ke gindayawa, waɗannan a hannun dillalai suke. Manyan baje kolin abinci irin su Alimentaria a Barcelona da Cibus a Parma wurare ne da mai kaya ke haɗuwa da mai saye ido da ido. Ɗan kasuwar fata yana da Lineapelle a Milan. Mai tayil yana da garuruwan Sassuolo da Castellón, inda masana'antun suke. Wanda ya karanta noma ko kasuwanci ko shari'a, ya kuma iya harshen mai saye, shi ne zai kare haƙƙin mutanensa a teburin ciniki.

Akwai aikin jakadanci da na ƙungiyoyin duniya, ga ofisoshin jakadancin ƙasashen biyu a Abuja, wadda daga Jere ta hanyar Bwari ba wata tafiya ba ce. Limaman Katolika na yankinmu, har da na diyosis ɗin Kafanchan da aka kafa a 1995, idan za su zurfafa karatu a jami'o'in Roma sai da Italiyanci. Sannan akwai aikin da ya fi duka nauyi a zuciya. Matasan Afirka ta Yamma da ke neman tsallakawa Turai, waɗanda suka tsira daga teku a Lampedusa ko tsibiran Kanari suke sauka, kuma a cikinsu akwai masu jin Hausa daga Nijeriya da Nijar da Ghana. A asibiti da gaban alƙali makomar mutum tana iya rataya a kan jimla ɗaya da tafinta ya juya daidai ko ya karkatar.

Hanya daga nan

Jami'o'inmu na Arewa sun fi ba da ƙarfi ga Larabci da Faransanci, don haka mai son haɗa waɗannan harsuna biyu a digiri galibi sai ya bi ta zagaye. Zagayen da ya fi kusa shi ne Faransanci, ɗan'uwansu na uku. Ana karanta shi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Jihar Kaduna, ɗalibi kuma yakan yi shekara a ƙauyen Faransanci na Badagry. Wanda ya ƙware a nan ya riga ya san tsarin aikatau da jinsi da dubban kalmomi. Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife tana koyar da harshen Fotugal, wanda ya fi kusa da Sifaniyanci. Maƙwabtanmu sun yi nisa a wannan hanya: a Kamaru da Benin da Kodebuwa da Senegal ana koyar da Sifaniyanci tun daga sakandare, kuma cibiyar Cervantes ta buɗe reshe a Dakar a 2021.

Ɗalibin da ke aji biyar na sakandare yau zai iya farawa da wayar da ke hannunsa. Ya zaɓi harshe ɗaya, ya ba shi sa'a guda kowace rana, ya saurari labarai da sharhin ƙwallo da shi, ya nufi B1 kafin ya taɓa na biyu. Ya nemi guraben tallafin karatu ta hanyar ofisoshin jakadanci da shafukan jami'o'in kansu, ya guji duk dillalin da ya ce a ba shi kuɗi ya samo biza. 'Yan mata ma haka, domin fassara da koyarwa sana'o'i ne da ake yi ko daga ɗaki.

Sauran aikin na manya ne. Harabar Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya za su iya buɗe ajin share fage da malami ɗaya ko biyu. Ƙungiyoyin manoman citta za su iya ɗaukar nauyin ɗa ɗaya ko 'ya ɗaya, da alkawarin a dawo a yi musu aiki. Ba a buƙatar ɗaruruwa. Idan ƙaramar hukuma ɗaya ta samar da mutum goma da suka iya harsunan nan da gaske, ta sami masu karanta mata kwangila kafin a sa hannu, da masu fassara littattafan Andalus da na Alwazzan zuwa Hausa kai tsaye, da malaman da za su koyar da na bayansu a gida, ba sai sun tsallaka teku ba.